Jinya a Bukhara

Tsakanin Samarkand da Bukhara tafiyar kilomita wajen 270 ce. Akwai jirgin ƙasa mai gudu, Afrosiyob, amma lokacin da baƙi suka cika ƙasar, tikitinsa sai wanda ya kama tun da wuri. Motar haya na shiga, irin wadda ake haɗa fasinja huɗu, jakar goyona a but. Watan Yuli ne, tsakiyar kwana arba'in ɗin nan na zafi da su kansu mutanen Uzbekistan suke shakka. Na riga na ziyarci kabarin Imamu Buhari a ƙauyen Hartang, inda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, saura in ga garin da aka haife shi.

A hanya direba ya tsaya a wata rumfa muka ci abinci: shinkafar nan tasu mai karas da naman rago, mai yana naso, sai kankana da aka riga aka yanka, da tsala mai sanyi da ake kamfatowa daga bokiti. Kowa ya ci, kowa ya sha.

Masaukina wani tsohon gida ne a cikin lungunan da ke bayan tafkin Labi Hauz, ɗakin haɗaka mai gadaje hawa biyu, ni a sama. Tsakar dare cikina ya murɗa. Banɗaki yana can ƙetaren tsakar gida, ga tsani, ga duhu, ga mutane suna barci ba ka son tada su. Kafin asuba amai ya haɗu da gudawa, jikina ya ɗau zafi. Wani saurayi ɗan Koriya da ke gadon ƙasa ya tashi, bai ce uffan ba, ya kwashe kayansa ya haye sama ya bar mini nasa. Alwala ta ƙi tsayawa, tsayuwa ta gagara, sallar asuba a zaune na yi ta.

Duk ɗan Najeriya da ya ji zazzaɓi, maleriya zai fara kawowa a ransa. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Uzbekistan ta rabu da cutar, amma ni daga gida na taho, kuma tana iya kwanciya a jiki ta tashi bayan an yi nisa. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta cusa mini abin gwajin jini a jaka ina ta mita. Na huda yatsa na gwada, layi ɗaya, wato bai nuna maleriya ba. Na kira ta, na manta agogon Najeriya yana bayan na Uzbekistan da awa huɗu, dare ne a wurinta.

"Yaya, ka ga jini a bayan gidan?"

Na ce a'a.

"Yaushe rabonka da fitsari?"

Na yi shiru ina lissafi.

"To ka ji. Ba ƙwayar tsayar da gudawa nake so ka nema ba, tunda akwai zazzaɓi. Ruwa ne ke ƙarewa a jikinka. Ruwan gishiri da sukari, kurɓi kaɗan-kaɗan, ko kana amai ka huta ka ci gaba. In rana ta yi tsaka ba ka yi fitsari ba, a kira likita. Kuma kada Hajiya ta ji, in ta ji ni za ta tsare."

Mai gidan tsohuwa ce, haƙoranta na gaba na zinare. Tajikanci take yi da iyalinta, Rashanci da baƙi, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Inna nake ce mata, ta kuwa amsa. Ta leƙo ta ga idona ya faɗa, ta tafa hannu, ta aiki jikanta kantin magani ya sayo Regidron, garin gishiri da sukari na fakiti da ake narkawa a lita ɗaya ta ruwa. Ita kuma ta dafa ɓawon rumman busasshe, ruwan ya fito ja-ja, ɗaci da bauri kamar ya ɗaure harshe. Ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta bakin jikan, wanda ke jin Turanci, ta yanke hukunci: na sha abu mai sanyi a kan kankana, wanda ko yaro a Bukhara ya san ba a yi. Ƙanwata ta ce wuƙar da aka yanka kankanar da ruwan bokitin ne. Na fi yarda da ƙanwata, amma shayin Inna nake sha, don haka na gyaɗa kai.

Da azahar amai bai bar komai ya zauna ba. Jikan ya buga 103, lambar motar asibiti ta gaggawa, sai ga likita mace da mai taimaka mata, har cikin ɗaki. Ta auna jinina, ta ja fatar hannuna ta saki, ta tambayi ƙasar da na fito, ta duba abin gwajin nan da kyau. Suka rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ake rataye tawul. Ledar ba ta ƙare ba na ji kaina ya dawo wuyana.

Sauran jinyar a tsakar gida na yi ta, kan wani faffaɗan gadon katako ƙarƙashin inabi. Farar shinkafa ba mai, busasshiyar gurasa, koren shayi buta bayan buta. Inna ba ta yarda in kusanci famfo ba, ruwan garin ma zartsi gare shi. Masu jakar goyo suna zuwa suna wucewa, kowa da lissafin garuruwan da ya taka da yadda ya yi shi kaɗai ba taimakon kowa. Ni ma da bakina na sha faɗin haka. Ina kwance ina jin su, tsohuwa tana canza mini tsumma a goshi.

Da ƙafa ta fara ɗaukata, Labi Hauz na fara zuwa, tafkin dutse da aka gina a 1620, tsofaffin itatuwa kewaye da shi. A da irinsa sun cika garin. Magudanar Shahrud ke kawo musu ruwa daga kogin Zarafshan, masu ɗiba suna cika salkuna suna kai wa gidaje. Ruwan yakan daɗe ba a sabunta shi ba, har Bukhara ta yi suna da kurkunu. Na tsaya ina mamaki: garin Imamu Buhari, ƙasar da aka haifi Ibn Sina a 980, ashe su ma sun naɗe tsutsa a tsinke kamar kakanninmu. Wani likitan Rasha, Leonid Isayev, shi ya jagoranci yaƙin a shekarun 1920. Aka ƙafar da yawancin tafkunan, aka kawo famfo, zuwa farkon shekarun 1930 cutar ta kau. Najeriya sai 2013 ta sami shaidar rabuwa da ita. Masu kewayawa da baƙi kan yi kukan tafkunan da aka cike, wai an lalata kyan gari. Wanda ya taɓa ganin manomi kwance da kurkunu tsakiyar damina ba zai taya su kukan ba.

Hasumiyar Kalon, wadda ke tsaye tun 1127, daga ƙasa na kalle ta ina zaune a inuwa, jiri bai gama sakina ba. Daga nan na lallaɓa zuwa Chashma Ayub, ginin da mutanen gari suke cewa Annabi Ayuba ya bugi ƙasa da sandarsa ruwa ya ɓulɓulo. A cikinsa aka ajiye kayan tarihin ruwan birnin, har da salkunan masu ɗiba. Mutane na layi suna sha don neman waraka. Wani dattijo ya ga yadda na rame, ya cika kofi ya miƙo mini da hannu biyu, yana ta addu'a. Na karɓa na gode, na shafa a fuska da wuya. Da ya juya baya na zaro gorata mai Regidron na kurɓa.