Katin Wagner da aka yi wa aski

Da na zo Amurka, abin da ya fi ba ni dariya shi ne ganin dattawa masu furfura suna zuba kuɗi kan 'yan katunan 'yan wasan besbol na zamanin da. Maƙwabcina, wani mai ritaya da yake tara su tun yana yaro, shi ya ja ni cikin harkar, har yanzu ni ma ina zama da gilashin ƙara girman abu ina leƙen kusurwar kati kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa.

Yau farashin tsohon kati ya dogara da makin da kamfanin tantancewa ya ba shi. Sanannun su uku ne: PSA da aka kafa a 1991, SGC a 1998, sai na Beckett a 1999. Za ka aika musu kati, su duba, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su kulle shi a gidan roba da lamba a goshi. Abu huɗu suke dubawa: ko hoton ya zauna a tsakiya, kaifin kusurwoyi huɗu, lafiyar gefuna, da fuskar katin, wato ninki, tabo ko ƙazantar bugu. Maki ɗaya tak yana iya ninka kuɗi sau da yawa. Katin ɗan wasa Mickey Mantle na kamfanin buga kati Topps na 1952 da SGC ya ba 9.5 an sayar da shi dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022. Irinsa mai ninki da lanƙwasassun kusurwoyi ba ya ko kusa da wannan.

To, wa yake duba masu dubawa?

Labarin da nake komawa kansa kullum shi ne na katin ɗan wasan besbol Honus Wagner, cikin jerin katunan da ake kira T206 da kamfanin taba na American Tobacco ya riƙa sakawa a kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. Katunan Wagner ɗin kaɗan ne suka rage a duniya. Guda ɗaya ya fi sauran kyau nesa ba kusa ba, kusurwoyinsa tsaf, gefunansa a miƙe. A 1991 ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da ɗan kasuwa Bruce McNall suka saye shi dala 451,000. Shi ne kati na farko da PSA ya taɓa tantancewa, ya ba shi 8. A 2007 Ken Kendrick, mai ƙungiyar besbol ta Arizona Diamondbacks, ya biya dala miliyan 2.8 a kansa. Shekaru ana raɗe-raɗin cewa kyan nan ya yi yawa. A 2013 wani dillalin katuna mai suna Bill Mastro ya amsa laifin zamba a kotu, ya kuma amsa cewa ya datse gefunan katin tun kafin ya kai hannun Gretzky. Aka yanke masa watanni 20 a kurkuku. Ƙa'idar PSA da kanta ta ce katin da aka datse ba a ba shi lamba, sai dai a rubuta cewa na gaske ne amma an taɓa shi. Wato lambar farko da kamfanin ya buga a tarihinsa, kuskure ce.

Ban ɗora wa masu tantancewa laifin duka ba, domin aikin da wuya. Katunan taba ba su fito daga masana'anta da girma ɗaya ba. Injin yankan wancan zamani yana kaucewa, wani kati ya fito da faɗi, wani siriri. Mai aski ya samu mai faɗi, ya rage masa ɗan siririn gefe da reza, ma'auni ba zai tona shi ba. Sai ka sa gefen a ƙarƙashin gilashi. Yankan asali na shekara ɗari yana da ɗan gashi-gashi, launinsa ya dafe daidai da bayan katin. Sabon yanka sumul yake, cikinsa ya fi fari. Maƙwabcina ya nuna mini wani katin Topps na 1971, masu baƙin gefe da ke saurin ɓarewa, inda wani ya cike ɓarewar da baƙin alƙalami. Da ido ba ka gani. Da ya haska masa fitilar nan mai shuɗin haske, tawadar ta fito daban.

A 2019 ma masu tara kati da kansu ne suka tona wata badaƙala, suna gwada tsofaffin hotunan gwanjo da sababbi, suna ganin kati ɗaya ya koma kasuwa da gajeren gefe da maki mafi girma. Har FBI ta shiga bincike.

Akwai kuma abin da ba zamba ba ne amma yana ci mini rai: mutum ya fasa gidan roba, ya sake aika katin, ya dawo da 6 maimakon 5. Katin bai canza ba, wanda ya duba ne ya canza, ko gajiyarsa a ranar. Shi ya sa ni idan zan sayi katin taba, na fi natsuwa da mai maki 3 da kusurwoyinsa suka ɗan zagaye, ina kuma roƙon mai sayarwa ya turo mini hoton gefen daga kusa da na bayan katin kafin mu yi maganar kuɗi.