Abin da Tsohuwar Motar Lantarki Ta Koya Mini a Gareji

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin da nake zubawa a tanki tsakanin gida da garejinmu a Kano ya fara taɓa kuɗin cefane, shi ya sa na rufe ido na sayi wata Nissan Leaf ƙirar 2012 wadda ta yi watanni a ajiye, ƙura ta lulluɓe ta, tayoyinta sun sace. Na daɗe ina aikin wayarin mota, kuma na ɗauka hannuna ya isa. Ashe kunne da sifana, waɗanda na dogara da su a kan injin fetur, ba su da abin faɗa a motar da ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba ta ko tari.

Da ta ƙi tashi, nan take na yanke cewa babban batirin ya mutu. Maigidana, wanda ya koya mini sana'a, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka sa mita a kan ƙaramin kuwa?" Ban sa ba. Ƙaramin batirin nan mai bolt 12, irin na kowace mota, shi ne yake tayar da kwamfutar motar, ita kuma ta haɗa babban batirin da injin. Muka canza shi, allon gaba ya kawo haske.

Babban aikin yana ƙarƙashin kujeru. Batirin Leaf ta farko yana ɗaukar kilowat-awa 24, ƙarfinsa kusan bolt 360, kuma an jera shi ne da gwangwanaye 48 masu kama da na sadin, kowanne da ƙwayoyi 4 a ciki. Wuta ce mai kisa, don haka ban taɓa waya ko ɗaya mai ruwan goro ba sai da na zare makatsin tsakiya, na jira minti 10, na sa safar hannu ta roba, na kuma auna na tabbatar. Na haɗa manhajar LeafSpy, mai karanta halin batirin, da motar, sai ga layuka 96 a fuskar wayata, kowane layi yana nuna ƙarfin ƙwayoyi biyu, kusan duka kansu ɗaya, ban da biyu da suka faɗi ƙasa sosai. Su ne suke sa alamar kunkuru ta fito a hanya motar ta rage gudu, domin kwamfuta tana bin ƙwayar da ta fi rauni ne, ko da sauran suna da sauran caji. Gwangwani ɗaya na canza, amma sai da na kwana biyu ina daidaita ƙarfinsa da na 'yan'uwansa kafin in ɗaura shi, kuma a ganina wannan haƙurin ya fi canjin kansa muhimmanci.

Daga cikin sanduna 12 da ke nuna lafiyar batiri, 8 ne suka rage, kuma babu gyaran da zai dawo da waɗanda suka tafi. Wannan ya dame ni da farko, har sai da na lissafa tafiyata ta kullum na ga ba ta wuce kilomita 30 ba zuwa da dawowa. Tana sabuwa an ƙiyasta mata kilomita 117 a Amurka; ni rabin haka ma ya wadace ni.

Abin da nake tsoro yanzu shi ne zafi, domin ba ruwa ba ne yake sanyaya wannan batirin, kuma masu irinta a jihar Arizona mai zafi ta Amurka sun ga sandunansu suna zubewa tun 2012. Ranar Afrilu a Kano ba ta fi tasu sauƙi ba. Saboda haka nake ajiye ta a inuwar darbejiya, in bar ta ta huce bayan na dawo, in sa mata caji cikin dare idan an kawo wuta, in tsayar da shi a kashi 80 cikin 100. Duk ranar Juma'a kuma nakan buɗe manhajar in duba layukan nan biyu kafin in fita.