Gyaran tsohon gidan jere a Landan: haske da danshi

Gidajen jere da aka gina a Landan zamanin Sarauniya Biktoriya, tsakanin 1837 da 1901, yawancinsu faɗin bai wuce mita 5 ba, sai tsawo kamar zariya. Hagu maƙwabci, dama maƙwabci, taga sai gaba da baya. Shi ya sa tsakiyar gidan ko da rana tsaka a duhu yake.

Abin da kowa ke fara yi shi ne rushe bangon da ya raba falon gaba da na baya. A nan ake yin ɓarna, domin sau da yawa wannan bangon ne ke ɗauke da katakon benen. Sai injiniya ya lissafa girman ƙarfen da zai maye gurbinsa, a tokare sama kafin a taɓa bulo ko ɗaya, a kuma ɗora kowane bakin ƙarfen a kan matashin kankare don kada nauyi ya murƙushe tsohon bulo. Idan ƙarfen zai shiga bangon da kuka haɗa da maƙwabci, dokar bangon haɗaka ta Ingila ta 1996 ta ce a ba shi sanarwa a rubuce wata 2 kafin aiki.

Sai ɗan lungun da ke gefen kicin. Ana shigar da shi cikin gida a yi masa rufin gilashi, kicin ya samu ƙarin kusan mita guda. Amma fa a fara gilashin daga jikin falon baya, tunda tagarsa ta wannan lungu take shan haske.

Danshi kuwa ya fi duhu wahala. Bangon waje bulo ne zalla mai kaurin inci 9, ba rata a tsakiya, da farar ƙasa aka ɗaure shi. Yana shan ruwa, yana fitarwa. Ka shafe shi da siminti, ruwan ya rasa hanya: fenti ya kumbura, gishiri ya fito fari-fari a gindin bango, bakin katakon da ke cikin bulo ya soma ruɓewa. Shafen da ya dace shi ne farar ƙasa kashi 1, yashi kashi 3, a bar kowane shafi ya sha iska kamar mako guda kafin na gaba. Magina ba sa son wannan jira, a tsaya a kansu.

A duba ƙasan bango ta waje, za a ga bulo mai huda-huda. Ta nan iska ke ratsa ƙarƙashin daɓen katako. Sabon daɓen kankare na kicin yakan toshe hudojin da ke bangon bayan gida, don haka a binne bututu a ƙarƙashinsa ya kai iskar waje. Ƙasar tsakar gida kuma ta zauna santimita 15 ƙasa da layin tare danshi, wato shimfiɗar da ke cikin bango mai hana ruwan ƙasa hawa sama.

Silin mai gurza-gurza da aka yi kafin 2000, a kai samfurinsa gwajin asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin a kankare.