Godiya bayan ƙaddamar da kundin waƙoƙinmu

Alhamdulillahi. Littafi ya fito, taro ya tashi lafiya, baƙi sun isa gidajensu. Ku yi haƙuri da shiruna, gajiya ce, sai yau na iya zama in rubuta.

Wahalar da aka sha kun san ta, tare muka sha: kuɗin takarda da yake ta hawa tun faɗuwar naira a 2023, lissafin ɗab'i da ke sauyawa duk zuwa, zirga-zirgar neman ISBN, wato lambar shaidar littafi. Wannan duk ya wuce.

Abin da har yanzu ke sa gabana faɗuwa shi ne daren da aka fizge wayata a adaidaita sahu. Sauran waƙoƙin ban damu ba, masu su na raye, za su sake turowa. Amma waƙar 'yar'uwarmu marigayiya, Allah ya jiƙanta, da murya ta turo mini ita daga gadon asibiti, ni kaɗai, tana yi tana tsayawa ta ja numfashi. Ƙwar biyu ce, wato ɗango (layi) biyu a kowane baiti, baiti 11. Ban saka ta a zaurenmu na WhatsApp ba don ta ce in bari sai ta gyara amsa-amo, Allah bai nufa ba. Daren nan ban runtsa ba. Tunanina ɗaya, da wane ido zan kalli mahaifiyarta?

Bayan asuba Innarmu ta Damagaram ta kira wayar maigidana. Inna, na san ba kya son a ambace ki, ki gafarce ni, yau kam sai na faɗa. Ashe ranar da na kunna mata muryar don ta duba mini karin waƙar, da alƙalami a hannunta take sauraro. Ta rubuce ta tsaf da ajami a bayan littafin lissafin adashinta, har inda marigayiya ta yi tuntuɓe ta maimaita ɗango. Tana karanto mini, ina durƙushe a tsakar gida ina kuka. A kan wannan rubutun mata 11 suka yi tahamisi, kowacce ta ɗauki baiti guda ta ɗora ɗango uku a samansa. Shi ne kuka ji an rera a ƙarshen taro. Wata malama ta ce mini haka jajin 'Yan Taru, wato malamai mata na ƙungiyar karatun da Nana Asma'u ta kafa, suke kai waƙoƙinta ga matan ƙauye, daga baki zuwa baki. Ni dai a lokacin hawaye nake sharewa.

Inna, Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya ƙara hasken ido, ya raya zuri'a. Antinmu mai ɗinki ta Fagge da ta cike kuɗin bango ba tare da an roƙe ta ba, Allah ya buɗa kasuwa. 'Yan'uwa na Maraɗi da Kumasi da suka yi karo-karo, Allah ya mayar da ninkin-ba-ninkin, ya rufa asiri duniya da lahira. Abban yara, na gode da haƙurin tuwon dare da ya yi ta makara.

Kujerun da na keɓe wa dangi a sahun gaba, baƙi ne suka zauna a kai. Mutanen Damagaram sun ƙetaro iyaka, na cikin gari kuwa hidima ta riƙe su. Ba komai, Allah ya bar zumunci.

Kwafin farko na mahaifiyar marigayiya ne, gobe in Allah ya kai mu za mu kai mata. Na Nijar za su bi mota, a turo mini lambar wanda zai karɓa a tasha.