Kafin ka karɓi makullin motar haya a Windhoek

Ɗan ƙanwata ne ya zo min da waya a hannu, bakinsa har kunne, wai shi da abokansa sun gama tsara tafiya Namibiya kallon namun daji, kuma su za su tuƙa kansu don abin ya zo da sauƙi. Ya nuna min taswira: Windhoek babban birnin ƙasar, tuddan yashin Sossusvlei, garin Swakopmund na bakin teku, gandun namun daji na Etosha, su dawo, duka a mako guda. Na ce wace mota? Ya ce, "Kawu, mafi araha mana." Inshora fa? Wai wadda ta zo da motar ta wadatar. Gabana ya faɗi, domin wannan lissafin nawa ne, da shi na taɓa shiga ƙasar nan.

Ni ma da na tashi tafiyar, kuɗin jirgi ya riga ya cinye rabin guzurina, sai na bi sauran abubuwa ina datsewa. Na ɗauki ƙaramar mota. Da ma'aikaciyar kamfanin hayar ta ce ko zan ƙara kuɗi inshora ta haɗa da taya da gilashi, na ce a'a, a raina ina ganin so take ta tatse ni. Takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Har yau ina cewa ba ganganci ba ne zalla: kuɗin ne babu, kuma wanda ya saba tuƙi shekara da shekaru ba ya jin akwai hanyar da za ta ba shi tsoro. Amma ƙasar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita 800,000, mutanenta kuwa wajen miliyan 3 ne kacal, ba a auna ta da idon wanda ya saba ganin gari bayan gari. Ga shi a hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama, kwanan farko ko giya sai ka laluba.

Abin ya same ni ne a hanyar C14, tsakanin Solitaire da Walvis Bay, burji ce fiye da kilomita 200 babu gari babu gidan mai. Na makara wajen tashi saboda na tsaya hawa tudun yashi a Sossusvlei, ga ɗakin da na riga na biya a Swakopmund yana jira na. Hanyar gargada ce, mota sai karkarwa take kamar za ta warwatse, sai na lura in na ƙara wuta karkarwar tana raguwa. Na taka. Abin da ban sani ba shi ne a wannan gudun tayoyin ba su kama ƙasa sosai, bisa tsakuwa kawai suke shawagi. Ina shan wata kwana bayan motar ya zame, na danna birki da ƙarfi, wanda shi ne babban kuskure, ta yi gefe ta daki dutse. Allah ya tsare ba ta kife ba. Na fito na tarar da tayar gaba ta yage ta gefe, irin yagewar da mai faci ba ya iya komai a kai, wani ruwa kuma yana ɗiga daga ƙarƙashin inji yana shiga yashi. Waya babu sabis. Ruwan sha bai fi rabin gora ba. Har rana ta yi ja kafin wasu Jamusawa masu yawon buɗe ido suka tsaya.

Kuɗin janyo mota, kuɗin taya, gyaran ƙarƙashi, duk a kaina suka faɗo, domin suna cikin abubuwan da takardar ta ce inshora ba ta ɗauka. Kamfanin ya cire daga kuɗin jinginar da ya riƙe a katina. Na yi ta faɗa a ofishinsu, kuma har gobe ina ganin da sun so da sun yi min bayani dalla-dalla kafin su miƙo makulli. To amma rubutun yana nan, ni ne ban duba ba. Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne. Etosha, wadda dominta na yi tafiyar, a gurguje na gan ta, raina a ɓace, ina lissafin asara alhali giwaye suna tsallaka hanya a gabana.

Kai da abokanka, ɗan ƙanwata, na so in jero muku shawarwari da yawa, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa.

Ku rage wurare. In mako guda gare ku, ku tafi Etosha kawai. Daga Windhoek kwalta ce lafiyayya ta Okahandja da Otjiwarongo da Outjo har Ƙofar Andersson ta shiga gandun, kilomita 400 da 'yan kai. Gandun ya kai murabba'in kilomita 22,000, ba a gama shi a yini biyu. Kallon dabba zama ne: ka sami bakin wani tafki, ka kashe inji, ka jira jakunan dawa da raƙuman dawa su zo da kansu. Wannan ne yaran yanzu ba sa iyawa. Minti biyar in zaki bai fito ba an tada mota, kowa hankalinsa na kan hoton da zai ɗora a Instagram, ba wanda ya damu ya ga yadda barewa take dube-dube kafin ta sa baki a ruwa.

Ku je da rani, daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya janye dabbobi suka taru a tafkuna. Amma ku ɗauki bargo mai kauri, sanyin daren Yuni da Yuli ba wasa ba ne ga mai kwana a tanti. Tanti kuwa nan ne arahar gaskiya take, a sansanin Okaukuejo ko Halali ko Namutoni da ke cikin gandun, ku dafa abincinku da kanku. A Okaukuejo akwai tafkin da ake haskawa da dare, karkanda tana zuwa sha, kana zaune bayan katanga ba ka ƙara ko sisi ba. Wurin kwana a nan sai an kama tun da watanni. Na san yanzu na gama ba ku labarin yadda ɗakin da na biya tun wuri ya sa ni gudu. Duka biyun gaskiya ne. Ku kama, amma in dare zai yi muku a hanya ku bar wurin kwanan ya tafi.

Mota kuwa, ku ɗauki babba mai tsayi, irin su Hilux, da tayar canji biyu. Ko da yake, in Etosha kaɗai za ku, ƙarama ma tana zuwa da rani, na ga masu yi lafiya lau. Abin da ba na sassautawa shi ne inshorar taya da gilashi, da karanta takarda layi-layi. Kamfanoni da yawa suna sa na'urar da ke rubuta gudun mota, in ka wuce kilomita 80 a awa a burji ka yi haɗari, kai za ka biya. Ni dai na ce 60, wanda shi ne iyakar gudu a cikin gandun ma. Kada ku yi tuƙin dare ko a kwalta, mugun dawa da manyan barewa suna faɗowa titi ba sallama.

Ƙofofin Etosha da fitowar rana ake buɗewa, da faɗuwarta ake rufewa, na sansani ma haka. Ba a fita daga mota sai a sansani ko wuraren da aka killace, saboda haka ku tsara sallarku da wannan, matafiyi yana da rangwamen haɗawa. Na ji wani yaro yana cewa ai fita ɗaya don hoto ba komai. Irin wannan maganar ce take sa in rasa haƙuri da ku, zakin da ke kwance a ciyawa ba ya bayyana sai ya tashi. Ɗanyen nama kuma kada ku saya da yawa, ba a barin a fito da shi daga gandun zuwa kudu saboda cutar dabbobi, a ƙofa za a karɓe.

Duk gidan man da kuka gani ku cika tanki, ko da rabi ne ya rage, ku riƙe tsabar kuɗi, dalar Namibiya ko rand na Afirka ta Kudu, darajarsu ɗaya kuma duka ana karɓa. Ruwan sha jarka guda a bayan mota. Ranar karɓar mota ku sa a nuna muku inda jak yake, ku kwance taya ɗaya ku mayar a gabansu, ku ɗauki hoton kowane ƙarce da ke jikinta har ƙasa. Wayar da ba ta barin hannunku, ga aikin da za ta yi muku.