Godiyarmu ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana a Jinyar Ƙanena

Assalamu alaikum. A madadin Hajiyarmu da dukkan iyalan gidanmu, ina miƙa godiya ga 'yan uwa da abokan arziki bisa ɗawainiyar da kuka yi da mu tun ranar da injin yanka katako ya datse wa ƙanena kan yatsansa manuni na hannun dama. Alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau, yana gida yana samun sauƙi.

Da maigidansa da sauran kafintocin shagon zan fara. Ba wanda ya zuba masa man birki ko toka, kamar yadda aka saba gani. Sun danne ciwon da ƙyalle mai tsabta, suka ɗaga hannun sama. Guntun da ya fita kuma suka naɗe shi a ƙyalle mai ɗanshi, suka ƙulle a leda, suka sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Likita ya ce haka ake so, domin in naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye lalacewa yake yi. Allah Ya yi wa sana'arku albarka.

Sai likitan tiyatar da ya karɓe mu a Asibitin Ƙashi na Dala. Wallahi abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da ya yi da mu, ya zana yatsa a takarda ya fahimtar da mu da Hausa. Mu burinmu a mayar da guntun, tunda abu ne da ake yi, tun 1965 likitoci a Japan suka mayar da babban yatsan da ya cire gaba ɗaya. Ya ce haƙoran injin sun dagargaza ƙananan jijiyoyin jini, babu abin da za a haɗa. Ya ce da ciwon ƙarami ne, bai wuce santimita 1 ba, ƙashi kuma bai fito ba, wanki da bandeji sun isa, naman zai ciko da kansa. Da yankan a miƙe yake, sai a yanko fatar cikin yatsan a siffar V, a turo ta gaba ta rufe bakin, a ɗinke a siffar Y. To, nasa a karkace ya zo, ya kwashe tsokar ciki, ƙashi a waje. Abu biyu ya rage: ko a rage ƙashin a ɗinke, ya warke da wuri amma yatsa ya gajarce, ko a ɗago fata daga bayan yatsan tsakiya a lulluɓe ciwon, a bar yatsun biyu a manne mako 2 zuwa 3 har fatar ta kama jini, sannan a raba su. Gurbin da aka ɗago fatar kuma a yi masa dashe.

Bai zaɓar masa ba. Ya tambaye shi da wane hannu yake riƙe ƙusa da fensir, ya bar shi ya yi shawara. Yaron ya zaɓi ta biyu. Likita, Allah Ya ƙara basira, Ya jiƙan magabata.

Ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da yawan tambayoyin Hajiya, da masu gashin ƙashi da ke fama da shi yanzu don kada gaɓoɓin su sandare, mun gode. Haka jama'ar masallacin unguwa da ƙungiyar kafintoci da suka haɗa kuɗin aiki ba tare da mun buɗe baki ba, da matan maƙwabta da ba su bar mu mun ɗora tukunya ba.

Da sauran tafiya. An gaya mana jin taɓi a wurin zai ɗauki watanni kafin ya dawo, kuma ba lallai ya kai na da ba, sannan sanyin hunturu zai riƙa damun yatsan. Don haka muna roƙon ku ci gaba da sa shi a addu'a. Masu zuwa dubiya kuma, don Allah a gaisa da baki tukuna, hannun bai kai ga musabaha ba.