Kwalbar da Ta Shekara Goma Tana Jira

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Yau da yamma na buɗe ɗaya daga cikin kwalabe biyu na jan ruwan inabin pinot noir (sunan irin inabin da ake yin sa da shi ke nan) da muka saya a shekarar 2014, lokacin da ni da uwargida muka bi hanya mai lamba 128 zuwa kwarin Anderson da ke gundumar Mendocino a arewacin Kalifoniya, muka tsaya a wata ƙaramar gonar inabi kusa da garin Philo. Girbin 2012 ne. Mai gonar ya gaya mana a ranar cewa hazon da ke tasowa daga Tekun Fasifik, yana bin kogin Navarro, shi ne ke sanyaya kwarin har inabin ya nuna a hankali, domin wannan iri, wanda asalinsa Burgundi ce ta Faransa, ɓawonsa siriri ne kuma ba ya son zafi.

Tun jiya na miƙe kwalbar tsaye don lakar da ta taru a cikinta ta kwanta a gindi, bayan shekaru goma da ta yi a kwance cikin kabad mai duhu. Duk da lallaɓawar da na yi, toshiyar ta karye gida biyu, sai da na zaro ragowar da ƙyar, abin da ya sa uwargida ta yi dariya ta ce, "Maigida, wannan ajiya taka ta kusa zama asara."

Launinsa ya sauya ƙwarai, domin jan da na sani mai haske ya koma kamar na jar ƙasa, musamman a gefen kofi. Da farko ƙamshinsa bai burge ni ba, har na fara zargin ya lalace, amma bayan kamar minti ashirin sai ya buɗe, na ji ƙamshin ƙasa irin wanda ke tashi idan ruwan farko na damina ya sauka, haɗe da ɗan kanumfari, wanda nake jin daga gangar katakon da aka adana shi ya samo. A baki kuwa, tsaminsa ya tuna mini da zoɓon da ba a sa wa sukari ba, sai dai ya fi laushi, kuma ɗanɗanonsa ya daɗe a harshe. Zaƙin 'ya'yan itace da muka ji a gonar ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, kuma uwargida ta ce shi ta fi so.

Mun ci gasasshiyar kaza da shi, amma kafin awa biyu ƙamshin ya dushe, tsamin kaɗai ya rage. A ganina ya wuce ganiyarsa da shekara biyu ko uku, wataƙila saboda kabad ɗinmu yakan ɗumama da bazara. Na riga na ciro kwalba ta biyu, za mu buɗe ta ranar Kirsimeti.